Tsayuwa a Tsakiyar Ruwa



Duk wanda ya kwana a Maiduguri daren Litinin 9 ga Satumba 2024, wayewar Talata 10 ga wata, ba sai an ba shi labarin abin da ruwa ke iya yi ba. Madatsar Alau da ke kan kogin Ngadda ta wajen Konduga, wadda aka gama ginawa a 1986, ta ɓalle cikin dare. Kafin mutane su ankara ruwa ya ci Fori da Galtimari da Gwange da Bulabulin, ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga fadar Mai Martaba Shehu, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Gwamna Babagana Umara Zulum ya ce waɗanda abin ya shafa sun kai kimanin miliyan ɗaya. Dattawa kuwa sai suka riƙa tuna ambaliyar 1994, shekara 30 ke nan cif, suna cewa waccan ba ta kama ƙafar wannan ba. Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri.

A kwanakin ambaliyar mun ga waɗanda suka shiga ruwa. Sojoji da manyan motocinsu, masu kwale-kwale, ma'aikatan agaji, sai kuma samarin unguwa, waɗanda ba su da komai sai gajeren wando da igiya da ƙarfin zuciya. Haka abin yake a duk faɗin Arewa. Ranar da jirgin ruwa ya nutse a kusa da Warrah ta jihar Kebbi a watan Mayu na 2021, da ranar da wani ya kife a madatsar Watari ta Bagwai a jihar Kano a ƙarshen Nuwamban shekarar, ɗauke da yara 'yan Islamiyya, kiran da aka fara yi ɗaya ne: a nemo masunta, a nemo masu nutso. Su ne ke cika ƙirji da iska, su lume, su yi ta lalube a cikin taɓo da hannu, su taso, su sake komawa, har sai an samu na samu. Iyaye da yawa a ƙasar nan ba su samu damar yi wa 'ya'yansu sutura ba sai ta hannun waɗannan bayin Allah.

Duk lokacin da irin wannan ta faru, maganar da ke fara fitowa daga bakin jama'a ita ce a sayo musu kayan nutso na zamani. Ina tare da masu wannan kira. Amma yau so nake mu tsaya a kan wani abu da ba ya zuwa a cikin kwali tare da kayan, wanda kuma in babu shi kayan kan zama ajalin mai sa su. Shi ne iya tsayuwa a tsakiyar ruwa: mutum ya rataye a zurfin da ya ga dama, bai taɓa ƙasa ba, bai taso sama ba, bai kama komai ba, hannunsa ba ya fafutuka, ƙafarsa ba ta harbi. In ya so sauka taku ɗaya ya sauka taku ɗaya, ya tsaya. Duk wani malamin nutso zai gaya maka cewa wannan shi ne abin da ya fi ba sabon ɗalibi wuya, kuma shi ne ake gane gwani da shi.

Bari mu fara da kayan. Akwai tukunyar ƙarfe da ake goyawa a baya. Mutane kan ce oksijin ce a ciki, amma ba haka ba ne, iskar nan ce da muke shaƙa, aka tace ta, aka danna ta da inji. Akwai na'urar da ke rage ƙarfin iskar ta miƙo ta baki gwargwadon buƙata, wadda wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka haɗa a 1943. Akwai gilashin fuska, da takalman roba masu faɗi. Sai abubuwa biyu da maganarmu ta yau ta rataya a kansu: ɗamarar dalma, mai ja ƙasa, da rigar iska, mai ɗagawa sama. Rigar tana da bututu a kafaɗar hagu da maɓalli biyu, ɗaya na tura iska daga tukunya, ɗaya na fitarwa.

Dokar da ke ƙarƙashin abin tsohuwa ce. Wani masani Bagirke, Arkimidis, ya bayyana ta fiye da shekara 2,200 da suka wuce: duk abin da ya shiga ruwa, ruwan na tura shi sama da ƙarfi daidai nauyin ruwan da ya ture daga wurin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Saboda haka duk lita ɗaya ta iska da ka shiga da ita ruwa tana ɗauke maka nauyin kilo ɗaya. Mutanenmu sun daɗe da sanin wannan a aikace. Masuncin Argungu kan kifa cikinsa a kan ƙaton gora ya yi ta yawo a Matan Fada da homa a hannu. Mutanen Yedina, waɗanda ake kira Buduma, kan haye guntun wani icce marar nauyi su ƙetara daga tsibiri zuwa tsibiri a Tafkin Chadi. Sai dai su duka abin da suke nema shi ne su zauna a saman ruwa. Mai nutso da tukunya yana neman abin da ya fi haka wuya, wato nauyinsa da ɗagawar ruwa su zo daidai wa daida. Karfasa da giwan ruwa an halicce su da jakar iska a ciki wadda ke yi musu wannan aiki. Ɗan Adam sai ya koya.

Da a ce in ka daidaita sau ɗaya shi ke nan, da abin ya zo da sauƙi. Amma iska ba ta zama yadda take a cikin ruwa. Duk mita 10 da ka sauka, ruwan na ƙara maka matsi kwatankwacin nauyin dukan iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Ka ɗauki robar ruwa wadda ba komai ciki, ka murɗe murfinta, ka sauka da ita mita 10, za ka ga ta lanƙwame, iskar cikinta ta koma rabi. A mita 20 ta koma kashi ɗaya cikin uku, a mita 30 kashi ɗaya cikin huɗu. Ka juyo sama, tana ta buɗewa har ta koma yadda take. Robert Boyle ne ya rubuta wannan ƙa'ida a 1662.

To ku duba abin da wannan ke haifarwa. Mai nutso ya daidaita a mita 6. Ya ɗan yi sama kaɗan, iskar rigarsa ta buɗe, ta ƙara ɗaga shi. Da ya ƙara yin sama ta ƙara buɗewa. In bai yi maza ya saki iska ba, sai ya tafi sama a guje ba da son ransa ba. In kuma ƙasa ya ɗan yi, iskar ta matse, ya ƙara nauyi, ya ci gaba da lumewa. Ruwa ba ya mayar da kai inda kake. Ta duk inda ka karkata, can zai ƙara tura ka. Shi ya sa sabon ɗalibi kan yi mamaki in aka ce masa lokacin tasowa sama iska ake fitarwa daga riga, ba ƙarawa ba.

Ku zo mu leƙa wurin koyo, a tafkin wanka mai zurfin mita 3. Ɗalibi ya sauka, ya ji gwiwarsa ta bugi ƙasa. Ya danna maɓalli, bai ji komai ba. Ya sake dannawa, ya riƙe. Sai ga rigar ta cika ta matse masa haƙarƙari, ƙafafunsa sun bar ƙasa, yana tafiya sama, idanu a waje cikin gilashi, hannuwa na kaɗawa. Kansa ya fasa saman ruwa. Ya ɗaga bututu ya zazzage iskar duka, ya sake faɗawa ƙasa tim. Malamin yana gefe a kwance a tsakiyar ruwa, hannuwa a harɗe a ƙirji. In ka zuba masa ido za ka ga yana ɗagowa kamar faɗin tafin hannu in ya ja numfashi, ya sauka kamar haka in ya fitar. Ya ɗaga yatsu biyu ya haɗa su kusa da juna, ma'ana: kaɗan. Sannan ya buɗe tafin hannu: jira.

Waɗannan alamu biyu su ne rabin karatun. Ruwa ba ya amsawa nan take. In ka tura iska a riga, sai bayan daƙiƙa biyu ko uku jiki zai fara motsi, kuma a cikin wannan ɗan jira ne mai gaggawa kan ƙara dannawa ya ɓata lissafi. Ana taɓa maɓallin ne taɓi ɗaya gajere, a yi numfashi, a ga abin da ya faru. Ɗaya rabin karatun kuwa a huhu yake. Huhun babban mutum na ɗaukar wajen lita 6, numfashin da muke yi muna zaune kuma wajen rabin lita ne. Ke nan tsakanin jan numfashi mai zurfi da fitar da shi akwai bambancin kilo biyu ko uku. Riga ta manyan gyare-gyare ce, idan zurfi ya canja. Ƙananan gyare-gyare na numfashi ne. In gwani zai haye wani kututture a ƙasan ruwa, ba ya taɓa maɓalli, numfashi yake ɗan ja ya cika, ya ɗago, ya wuce, ya saki, ya sauko. Ku tuna yarinyar da ta saba ɗaukar tulu a ka. Ba riƙe shi take da ƙarfi ba, wuyanta ne ke ta ƙananan gyare-gyaren da ita kanta ba ta san tana yi ba, har tana iya hira tana tafiya. Sai mai nutso ya kai irin wannan matsayi kafin hankalinsa ya samu sararin yin aikin da ya kai shi ƙasa.

Akwai wata gajeriyar hanya da wasu masu koyarwa kan bi, kuma ina ganin cutarwa ce. Sabon ɗalibi a tsorace yake, ƙirjinsa cike da iska, ba ya lumewa. Maimakon a ba shi lokaci ya natsu, sai a ƙara masa dalma. Nan take zai nutse, darasi ya tafi da sauri. Amma duk kilo ɗaya na dalmar da ba a buƙata, sai an biya shi da lita ɗaya ta iska a riga, kuma wannan iskar ce ke buɗewa tana matsewa da kowane ɗan motsi. Wanda aka yi wa lodin dalma zai yi ta fama da maɓalli, ƙugunsa na ja ƙasa, kansa na sama, yana harbin ruwa don kada ya faɗi, iskar tukunyarsa na ƙarewa da wuri.

Gwajin nauyi kuwa ba wuya. Ka shiga ruwan da ya fi tsayinka da cikakkun kaya, ka fitar da iskar riga duka, ka riƙe numfashi irin na kullum, ka bar ƙafa ta huta. In nauyin ya yi daidai, ruwa zai tsaya maka a saitin ido. Da ka fitar da numfashi sai ka fara sauka a hankali. Sai a ƙara wajen kilo 2 saboda wani dalili da mutane da yawa ba sa kawowa a rai: iska ma tana da nauyi. Tukunya mai lita 11 da aka cika tana ɗauke da iskar da ta haura kilo biyu da rabi, kuma kana shaƙa tana raguwa, ta yadda a ƙarshen aiki ka fi sauƙi a kan yadda ka shiga. Haka kuma wanda ya yi koyonsa a teku, a Legas ko a Bahar Maliya, in ya zo Alau sai ya rage dalma kilo 2 zuwa 3, don ruwan gishiri ya fi namu ɗagawa. In kuma hunturu ne ya sa rigar roba mai kauri saboda sanyi, lissafi ya sake canjawa, don robar tana da ƙananan kumfa a jikinta da ke matsewa a zurfi. Kowane sabon ruwa, kowace sabuwar riga, sai an sake gwaji.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauko wannan magana, kuma ina roƙon masunta da iyayensu da sarakunan ruwa su ba ni kunnensu.

Mai nutso na gargajiya dukiyarsa ita ce riƙe numfashi. Tun yana yaro yake horar da ƙirjinsa a kan haka. Kuma a nasa salon babu haɗari ta fuskar buɗewar iska, domin iskar da ya ɗauka a sama ita ce ke matsewa in ya sauka, ta koma yadda take in ya taso. Amma da zarar ya shaƙi iskar tukunya a ƙasa, magana ta juye. A mita 10 huhunsa na cika da iskar da ta ninka ta sama yawa. In wani abu ya firgita shi, ya tofar da abin bakin, ya rufe maƙogwaro ya yi sama kamar yadda jikinsa ya saba, iskar nan za ta nemi wurin lita 12 a ƙirjin da ke ɗaukar 6. Huhu kan yage, kumfar iska ta shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa. Kuma ba sai an kai mita 10 ba. Da cikakken huhu, tasowar da ba ta kai mita 2 ba tana iya yin wannan ɓarna. Saboda haka doka ta farko a nutso da tukunya ita ce kada a taɓa riƙe numfashi. Ko abin shaƙar ya fita daga baki, sai mutum ya ci gaba da sakin 'yar kumfa a hankali har ya mayar da shi.

Kun ga ke nan wanda ya fi kowa gwaninta a tsohon salo shi ne ya fi kusa da wannan haɗari ranar farko da aka goya masa tukunya. Ba raina iliminsa nake ba. Ya san ruwa, ya san inda yake juyawa, ya san taɓon da ke riƙe ƙafa, ba ya tsoron duhu, kuma waɗannan abubuwa ne da ba a koyar da su a mako guda. In za a zaɓi waɗanda za a horar, shi ne na farko. Amma a miƙa masa kaya a ce ai kai ɗan ruwa ne, shiga kawai, wannan ganganci ne da rai. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma fid da kai da tukunya a baya wani ilimi ne daban da sai an zauna an koya.

Akwai dalili na biyu da ya sa ake tasowa a hankali. Kusan kashi huɗu cikin biyar na iskar da muke shaƙa naitirojin ce. A ƙarƙashin matsi tana narkewa ta shiga jini da tsoka, in aka daɗe kuma ta taru. In aka taso a hankali sai ta fita ta numfashi. In aka taso da sauri sai ta zama kumfa a cikin jiki, ta kawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Shi ya sa ake so kada tasowa ta wuce kamar mita 9 a minti ɗaya, a kuma tsaya minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito. Wanda bai iya tsayuwa a tsakiyar ruwa ba, ta yaya zai yi wannan tsayuwar, alhali tukunyarsa ta yi sauƙi tana jan sa sama?

Ɗan ƙasar nan ne ya nuna wa duniya girman wannan al'amari. Ranar 26 ga Mayu 2013 wani jirgin jan jirage mai suna Jascon 4 ya kife a teku daura da Escravos ta jihar Delta, ya sauka ƙasa a zurfin kimanin mita 30. Mutum 12 ne a ciki. Mai dafa abincin jirgin, Harrison Okene, ya samu wani ɗan sarari da iska ta maƙale, ya zauna a ciki cikin duhu da sanyi kusan awa 60. Masu nutson da aka turo gawa suka je nema, sai hannu ya kama ɗaya daga cikinsu. Ga mutum da rai, ga sama mita 30 kacal, amma ba su fito da shi kai tsaye ba, domin jikinsa ya riga ya sha naitirojin, fitowar gaggawa za ta kashe shi. Sai suka sa masa abin shaƙa, suka kai shi cikin wata ƙararrawar ƙarfe da ke riƙe matsi, daga nan zuwa ɗakin rage matsi, inda ya ƙara wasu kwanaki biyu da wani abu ana sassauta masa a hankali. Shi kaɗai ya tsira. A 2015 shi ma ya samu shaidar zama ƙwararren mai nutso. Irin wannan ɗaki yana tare da masu aikin mai a bakin teku, tafiyar fiye da kilomita 1,000 daga inda muke. Mai nutso a Borno kariyarsa ita ce kada kuskuren ya faru tun farko.

Wani zai ce ai ruwanmu ba shi da zurfi. Gaskiya ne, Tafkin Chadi duk faɗinsa yawancinsa bai wuce 'yan mitoci ba. Wannan na rage matsalar naitirojin. Amma ta fuskar iskar riga da ta huhu, ruwa marar zurfi ya fi wuyar sha'ani. Daga mita 30 zuwa 20 iska na ƙaruwa da kashi ɗaya cikin uku ne kawai. Daga mita 10 zuwa sama kuwa ninkawa take. Wato daidai inda mutanenmu za su yi aiki, nan ne ƙaramin motsi ke haifar da babban canji.

Ga kuma launin ruwan. Hotunan da muke gani a talabijin na teku ne garau, mutum na ganin mita 20 a gabansa. Ngadda da damina ko tafin hannunka ba ka gani. Inda ma ruwan ya ɗan kwanta, ƙasansa taɓo ne mai laushi, bugun ƙafa ɗaya ya isa ya tayar da shi ya rufe komai na tsawon lokaci. Shi ya sa ake koya wa mai nutso ya kwanta a miƙe, cikinsa na kallon ƙasa, gwiwa a lanƙwashe, ya riƙa bugun ƙafa irin na kwaɗo, wanda ke tura ruwa baya maimakon ƙasa. A cikin duhu ido ba zai gaya maka ko sama kake yi ko ƙasa ba. Kunne ne zai gaya maka, da yadda riga ke matse ka ko sakinka. Don haka mai aikin ceto a irin ruwanmu ba ya shiga sai da igiya a jikinsa, da mutum a bakin ruwa riƙe da ita suna magana ta hanyar fizga, da wani mai nutson a shirye da kaya ko da za a buƙace shi.

In an samu wanda ake nema, akwai jarabawa. Zuciya za ta ce ka rungume shi, ka cika rigarka da iska ku taso tare. Kada a yi haka. In ya suɓuce daga hannu a hanya, duk iskar da aka tura saboda nauyinsa za ta harba mai ɗaukar sama. Ɗaure shi ake da igiya na sama su ja, ko a yi amfani da jakar ɗagawa ta daban, mai nutso kuma ya taso da nasa lissafin.

Dole kuma a faɗi inda kayan nan ba su da amfani. A ranar ambaliya, lokacin da ruwa ke gudu a kan Gadar Gwange yana tafe da kwanon rufi da waya da itatuwa, ba mai hankalin da zai tura mutum ƙasa da tukunya. Ranar ta kwale-kwale ce da rigar ceto da igiya. Ruwan ma ya haɗu da masai da magudanai, kun dai tuna kwalarar da gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewarta a watan Oktoba na 2024. Aikin mai nutso yana bayan ruwa ya lafa, kuma mafi muhimmanci yana tun kafin a kai ga haka. A farkon 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau. Madatsa tana da ƙofofi da bututai da gindin gini da ke cikin ruwa shekara da shekaru, kuma daga nan Maiduguri ke samun ruwan sha. Wani ne zai riƙa sauka yana dubawa, yana shafa siminti da hannu, yana ɗaukar hoton tsaga tun tana ƙarama. Wannan aiki na wanda zai iya tsayawa cak a gaban bango ne na minti goma ba tare da ya tayar da taɓo ba. Yana kuma da nasa haɗarin na musamman, domin duk inda ruwa ke zurarewa ta ƙofa ko rami, yana tsotsa da ƙarfin da ba wanda zai iya ƙwacewa in ya manne, saboda haka ba a sauka sai an rufe ƙofofin an tabbatar.

Muna da wuraren da za a iya ɗora wannan horo a kansu. Akwai Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kiwon Kifi ta Baga, akwai Cibiyar Binciken Tafkin Chadi a nan Maiduguri, akwai jami'a, akwai hukumar kashe gobara da hukumar agajin gaggawa ta jiha, ga sojojin ruwa da sansaninsu a Baga. Shawarata ita ce a ɗebo matasa daga gidajen masunta da ma'aikatan kashe gobara, ko da ashirin ne a karon farko, a kawo malami mai shaidar da duniya ta sani, a fara a tafkin wanka mai tsabta inda malami ke ganin kowane motsi. A kuma sani cewa takardar matakin farko ta ƙungiyoyi irin su PADI ana samun ta ne cikin 'yan kwanaki, da nutso 4 a buɗaɗɗen ruwa, iyakarta mita 18, kuma abin da take nema a wannan fanni shi ne ɗalibi ya tsaya a tsakiyar ruwa na ɗan gajeren lokaci. Wannan ya isa ga mai yawon buɗe ido. Bai isa ga wanda za a tura ƙasan Alau ba.

Ga namu, ni zan so a tsaurara. Kafin a bar mutum ya shiga kogi, ya tsaya minti 3 a zurfin mita 2 bai taɓa ƙasa ba, bai fasa sama ba. Ya maimaita da gilashin fuska a rufe da baƙin ƙyalle. Ya maimaita yana ɗaure igiya da hannu biyu. Malami ya zare masa abin shaƙa ba zato, a ga ko kumfa na ci gaba da fita daga bakinsa ko tsohon sabo ya dawo. Wanda ya riƙe numfashi ya koma baya ya sake, ko da shi ne gwanin garinsu. A kuma sa kuɗin atisaye na kowane wata a cikin kasafi, tare da na gyaran injin cika tukunya da canja matatarsa, domin injin da ya zuƙi hayaƙin janareta guba yake dannawa a tukunya, kuma hannun da ya yi wata shida bai taɓa maɓallin riga ba sai ya koma tafkin wanka kafin a kira shi aiki.